Fektin da Kalsiyam a Bangon Tsiro Mai Girma: Amsa Ga Ɗalibar da Ke Shirin Bincike

Wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar tsirrai a nan Sakkwato ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina shirin bincike a kan fektin da kalsiyam a bangon ƙwayoyin halittar tumatir. Niyyata in shuka a tukwane, in ba kowane rukuni kalsiyam gwargwado daban, bayan mako shida in auna tsawo, in niƙa ganye in auna yawan kalsiyam da fektin. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. An koya mana kalsiyam na ɗaure fektin, bango ya yi tauri, girma ya ragu. An kuma koya mana in babu kalsiyam girma na tsayawa. Wanne zan ɗauka? Kuma tsarin nawa ya isa?"

Wa alaikumus salam ɗiyata. Duka biyun da aka koya miki gaskiya ne, kuma ruɗanin da kika shiga shi ne ainihin inda binciken yake. Tsarinki kuwa, yadda yake yanzu, zai ba ki lambobi da jadawali mai kyau a takarda, amma ba zai taɓa wannan tambayar ba. Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin bangon, daga nan za ki ga dalilin da kanki.

Ƙwayar halittar tsiro ruwa take zuƙa har ta kumbura, matsin cikinta ya kai kamar ninki 3 zuwa 10 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Bango ne ke riƙe wannan matsi. Girma yana samuwa ne idan bangon ya saki kaɗan, ruwa ya ƙara shiga, aka kuma zuba sabon kayan gini kafin wurin ya yi sirara ya fashe. Kayan ginin nan manya guda uku ne: zaren selulos, hemiselulos, da fektin wanda ke cike tsakaninsu yana riƙe ruwa, kuma shi ne ke manne ƙwaya da maƙwabciyarta. A tumatir, wake, barkono da makamantansu, fektin ya kai kusan kashi 35 cikin 100 na sabon bango. A dangin ciyawa, wato gero, dawa, masara da shinkafa, bai cika wuce kashi 2 zuwa 10 ba. Don haka kin yi dace da kika zaɓi tumatir. Wanda ya ɗauki gero don nazarin fektin ya zaɓar wa kansa wahala.

Tun 1825 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Henri Braconnot, ya ware fektin ya bayyana shi, amma har yau ana gardama a kan aikinsa wajen girma. Dalili ɗaya shi ne fektin iyali ne. Babban ɗan gidan, wanda ya kai kusan kashi 65 cikin 100, shi ne homogalakturonan, sarƙa miƙaƙƙiya ta galakturonik asid guda kamar 100 a jere. Akwai RG-I mai rassa da yawa, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin yauƙin kuɓewa. Akwai RG-II, ɗan ƙarami mai sarƙaƙiya, wanda boron ke ɗaure shi biyu-biyu. Maganar kalsiyam kusan duk a kan homogalakturonan take.

Ana ƙera wannan sarƙa a cikin Golgi, wani sashe a cikin ƙwayar halitta da ke haɗa kayan bango, kuma tana fitowa bango da mafi yawan hannayenta a rufe: kowane galakturonik asid yana da wurin da zai iya ɗaukar caji, amma an toshe shi da wani ɗan guntun sinadari da ake kira metil, har kusan kashi 80 cikin 100 na wuraren. Sarƙa a wannan hali ba ta kama kalsiyam. Sai wani enzayim, wato furotin mai gudanar da aikin sinadari, da ake kira PME ya zo ya cire metil ɗin, ya saki metanol da ɗan tsami, ya bar wurin da caji mara kyau, wato negetif. Kalsiyam kuma yana da caji mai kyau, wato fozitif, guda biyu, don haka yana iya kama sarƙa ɗaya da hannu ɗaya, wata sarƙar da ɗaya hannun. In aka samu wurare buɗaɗɗu kamar 9 ko 10 a jere, sarƙoƙi biyu kan kwanta gefe da gefe, kalsiyam na zaune a ramukan tsakaninsu kamar ƙwai a kiret. Grant da Rees da abokan aikinsu ne suka zana wannan siffa a 1973, kuma ita ce ke cikin kowane littafin aji.

Daga nan littafin aji yake tsayawa, ya ce PME ya yi aiki, kalsiyam ya ɗaure, bango ya yi tauri. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Sarƙar da aka cire wa metil ita ce kuma abincin wasu enzayim guda biyu, foligalakturones da fektet layes, waɗanda ke daddatsa ta. Ke nan aiki ɗaya na PME yana iya kaiwa ga tauri, yana iya kaiwa ga laushi. Abin da ke raba gardama shi ne yadda aka cire metil ɗin, a jere ko a warwatse, da yawan kalsiyam da ke wurin a wannan lokaci, da tsamin ruwan bangon, da kuma wane enzayim ya riga isowa. Tsiron Arabidopsis, ɗan ƙaramin ciyayin da ake yawan gwaji da shi, yana da ƙwayoyin gado sama da 60 na PME kaɗai, da kusan adadin haka na furotin masu hana PME aiki. Tsiro ba zai tara wannan runduna ba in da aikin kunna fitila da kashewa ne kawai.

Ga abin da masu bincike suka gani, kuma ki lura da yadda sakamakon ke karo da juna. A 2008 da 2011, Alexis Peaucelle da abokan aikinsa a Faransa sun duba ƙololuwar Arabidopsis, inda sababbin furanni ke ɓullowa. Sun tarar a daidai wurin da sabon toho zai fito ana cire metil, kuma da suka danna wurin da allurar wata na'ura mai auna tauri, sai suka ji ya fi kewayensa laushi. Da suka ƙara PME, toho ya yawaita. Da suka hana shi aiki, ƙololuwar ta yi tauri, toho ya ƙi fitowa. Wannan kishiyar abin da ke cikin littafin aji ne.

A bututun bununi kuwa, wato ɗan siririn bututun da garin fure ke fitarwa ya ratsa zuwa ƙwan fure, labarin littafin ya fi zama daidai. Bututun daga bakinsa kaɗai yake girma. A bakin, fektin sabo ne mai metil da yawa, mai laushi. Kaɗan a bayansa an cire metil, kalsiyam ya ɗaure, gefen ya tsaya da ƙarfi, shi ya sa bututun ke tafiya a miƙe bai zama ƙwallo ba.

Sai aikin John Boyer da Timothy Proseus a Amurka, daga wajen 2006, a kan Chara, wani gansakukan ruwa mai ƙwayar halitta da tsawonta ke kai santimita da yawa. Ni a ganina wannan ne aikin da ya fi amsa tambayarki kai tsaye. Sun zuba sabon fektin marar metil a ruwan da Chara ke ciki, sai girma ya ƙara sauri. Ko da suka kwashe abin da ke cikin ƙwayar, suka cika bangon da mai suka matsa, haka aka gani. Bayaninsu shi ne sabon fektin yana fizge kalsiyam daga tsohon da ke ɗauke da nauyi, tsohon ya saki, bango ya miƙe, sannan sabon ya shiga cikin ginin tare da kalsiyam ɗinsa, wani kalsiyam daga waje ya cike gurbin da aka bari. Kwancewa da ɗaurewa ne ke zagayawa ba tsayawa. In kalsiyam ya yi yawa, kwancewar ba ta samuwa, girma ya ja baya. In ya yi kaɗan, ɗaurewar ba ta samuwa, bango ya yi rauni ya fashe ko ƙwayoyi su rabu da juna, girma ya mutu. Ga maganganu biyun da aka koya miki a wuri guda.

Kada dai ki ɗauki Chara ki ɗora wa tumatir kai tsaye. Daniel Cosgrove, wanda a ɗakin bincikensa aka gano furotin ɗin eksfansin, mai sassauta bango ya miƙe, a 1992 daga tsiron kokwamba, ya daɗe yana jan kunne cewa laushi iri-iri ne. A 2020 shi da abokan aikinsa sun sa PME a fatar albasa. Da suka danna ta daga sama, ta yi laushi. Da suka ja ta a tsaye a ruwa mai tsami, irin jan da ya fi kama da girma, sai miƙewarta ta ragu. Bango ɗaya, magani ɗaya, amsa biyu, saboda abin da aka auna daban ne. A ra'ayinsu zaren selulos ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin ja, fektin yana tasiri ne ta hanyar ruwan da yake riƙewa da sararin da yake ba eksfansin ya kai ga wurin aikinsa. Ba kowa ya yarda da su ba, gardamar na nan da ranta. Abin da za ki ɗauka a nan shi ne duk lokacin da kika rubuta "bango ya yi tauri", ki faɗi da me kika auna, kuma ta wace fuska.

Yanzu mu dawo kan tukwanenki. Matsala ta farko ganyen da za ki niƙa. Ganye mai mako shida mafi yawansa ya gama girma. Girma na faruwa a wurare ƙanana: 'yan milimitoci a bayan bakin saiwa, ƙololuwar kara, ƙaramin ganye, ɗan tumatir a makonninsa na farko. In kika haɗa wannan da tsohon nama kika niƙa, kin nutsar da abin da kike nema a cikin abin da ba ki nema.

Matsala ta biyu ta fi girma, ita ce jimillar kalsiyam. Na'urar AAS, mai auna yawan sinadarai irin su kalsiyam a samfur, za ta gaya miki nawa ne a cikin tokar ganye, ba za ta gaya miki ina yake zaune ba. A cikin ruwan ƙwayar halitta kalsiyam kaɗan ne ƙwarai, wajen nanomola 100, domin a can saƙo yake kaiwa. A ruwan bango ya ninka haka sau dubbai. Wani yana manne da fektin, wani yana jikin fatar ƙwaya yana hana ta yoyo, wani kuma mai yawa an kulle shi a cikin babbar jakar ruwan ƙwaya a matsayin duwatsun kalsiyam okzalet, ba ya aikin komai a bango. Ki ɗauki busasshen ɓawon albasa ki jiƙa, ki sa a maikuroskof, za ki ga waɗannan duwatsu a jere kamar an shirya su. Ganyen tumatir ma cike yake da irinsu, ƙanana kamar rairayi. Duk wannan AAS zai haɗa ya ba ki lamba ɗaya.

Akwai gwaje-gwaje biyu a kan tumatir ɗin kansa da nake so ki riƙe. An samar da tumatir mai ɗauke da wata ƙwayar gado, sCAX1, wadda ke tura kalsiyam cikin jakar ruwan ƙwaya. 'Ya'yansa sun fi na gama-gari yawan kalsiyam, amma sun fi su kamuwa da baƙin tabon nan na gindi, wanda kowa ya sani da alamar ƙarancin kalsiyam. Sannan a 2012, de Freitas da abokan aikinsa a Kalifoniya sun duba tumatir da aka rage wa aikin PME. Fektin ɗinsa bai kama kalsiyam da yawa ba, don haka an bar saura a narke a ruwan bango, kuma tabon ya ragu. Ma'ana fektin da kansa yana iya zama abokin takarar fatar ƙwaya wajen kalsiyam, a lokacin da ɗan tumatir ke kumbura da sauri. Wanda ya auna jimilla kaɗai a waɗannan gwaje-gwaje da ya juya labarin a baibai.

Wannan tabo ba baƙo ba ne ga masu noman rani a fadamar Kwalkwalawa ko wajen Wurno da Goronyo, musamman a dogayen tumatir irin su Roma idan zafi ya fara shigowa. Sau da yawa ƙasar ba ta rasa kalsiyam ba. Kalsiyam yana tafiya ne a jijiyar da ke ɗauko ruwa daga saiwa, yana bin inda ruwa ke ƙafewa, kuma in ya sauka a ganye ba ya sake tashi zuwa wani wuri. Ranar da iska ta bushe, rana ta take, ganye ne ke janye ruwan, ɗan tumatir ya samu ragowa, gindinsa kuma shi ne ƙarshen layi. A ƙara da ban ruwa na yau akwai gobe babu, da zuba yuriya fiye da kima, sai tabo ya bayyana. Fesa kalsiyam a ganye ba ya kai shi cikin 'ya'yan. Na kawo wannan ne don ki ga cewa abin da kika zuba a tukunya da abin da ya isa bangon da ke girma, akwai tafiya mai nisa tsakaninsu, kuma yanayin Sakkwato na tsaye a kan hanyar.

To me za ki yi da kayan aikin da ke hannunki? Shawarata ki ƙanƙanta tambayar, ki koma inda za ki ga girma da idonki a cikin sa'o'i, ki kuma duba fektin a daidai wannan wuri.

Mafi sauƙi shi ne bututun bununi. Brewbaker da Kwack sun wallafa ruwan tsirar da shi tun 1963, kuma har yau da shi ake aiki: sukari kashi 10 cikin 100, sannan a kowace lita miligiram 100 na borik asid, 300 na kalsiyam naitret, 200 na magniziyam salfet, 100 na fotasiyam naitret. Kalsiyam ɗin da ke ciki ya kama kusan milimola 1.3. Su ne suka lura cewa garin fure kaɗan a ɗigon ruwa ba ya tsira da kyau, mai yawa kuma yana tsira, suka gano kalsiyam ɗin da ke fita daga jikin garin ne ke taimakon juna. Wannan gargaɗi ne a gare ki: yawan garin da kike zubawa a kowane ɗigo ya zama ɗaya, in ba haka ba kin canza kalsiyam ba ki sani ba. Ki shirya ruwan a matakai, daga babu kalsiyam, zuwa milimola 0.1, 1, 5, 10 har sama. Kada ki tsaya a ƙirga nawa suka tsira. Ki auna tsawon bututu kowane minti 30, ki ƙirga waɗanda suka fashe, ki duba faɗin baki da kaurin bangonsa. Abin da ake sa ran gani shi ne tudu: rauni da fashewa a ƙasa, sauri a tsakiya, jan ƙafa a sama. Inda ƙololuwar tudun take a irin tumatir ko barkonon da manomanmu ke shukawa, da yadda zafi ko gishiri ke matsar da ita, wannan tambaya ce da ta isa digiri na biyu.

Ki zaɓi dangin tumatir: tumatir, barkono, gauta, ko taba, wadda furenta ke ba da gari mai yawa kuma tana cikin waɗanda aka fi yin wannan gwaji da su. Bununin gero da masara yana mutuwa da wuri, kuma yana da wuyar sha'ani a gilashi. Ki ɗebo da sassafe daga furen da ya buɗe a ranar. A lokacin hunturu garin kan bushe ƙwarai, in kika jefa shi ruwa kai tsaye da yawa za su fashe, ki ɗora wa kalsiyam laifin da ba nasa ba. Ki ajiye shi a rufaffen faranti mai jiƙaƙƙiyar takarda kamar rabin awa zuwa awa ɗaya tukuna. Daga Maris zuwa Mayu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, garin tumatir kan lalace tun yana jikin uwarsa, don haka ki tsara aikinki tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Ruwa kuma shi ne babban tarko a nan Sakkwato. Muna zaune a kan dutsen farar ƙasa, shi ne ma ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, kuma ruwan rijiya ko burtsatse da ya ratsa irin wannan dutse yana ɗauke da kalsiyam. In kika wanke gilashi da ruwan famfo kika bar shi ya bushe, rukuninki na "babu kalsiyam" suna ne kawai. Ki yi ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa, ki gwada shi da na'urar auna gishirin ruwa kafin ki yarda da shi. Garin aga, wanda ake daskarar da ruwan gwaji da shi, ma yana zuwa da nasa kalsiyam, gara ki yi aiki da ruwa zalla. Ki kuma sa rukuni ɗaya da aka musanya kalsiyam da magniziyam daidai gwargwado. Cajinsu ɗaya, amma magniziyam ba ya ɗaure fektin yadda kalsiyam ke yi, don haka shi zai nuna miki ko abin da kika gani aikin ɗauri ne ko yawan gishiri kawai. In za ki cire kalsiyam da sinadari, cikin sinadarai biyun da ke kama shi, EGTA ya fi EDTA zaɓen kalsiyam, kuma duka biyun suna sauya tsamin ruwa, sai kin daidaita shi bayan kin zuba.

Ga inda wannan gwaji ke da iyaka, kuma mai jarraba ki zai tambaya. Bututun bununi rayayye ne. Kalsiyam ɗin da kika zuba yana shiga bango, yana kuma shiga cikin ƙwayar ta bakin bututun, inda yake jagorantar zuba sabon kayan gini. In girma ya canza, ba ki san ta wace ƙofa ba. Hanyar rabewa ita ce ki gwada mataccen bango. Nan albasa ke shigowa, ga ta kuwa a wadace a Sakkwato. Duk da tana cikin masu ganyen tsira ɗaya kamar dangin ciyawa, bangonta irin na tumatir ne, mai yalwar fektin, kuma fatarta na ɓarewa sirara. Ko ki tsirar da kokwamba ko wake a duhu kwana huɗu, ki yanki sashen karan da ke ƙasa da wuyansa. Ki daskarar da shi a firiza, ki narkar, ƙwayoyin sun mutu amma bango da eksfansin ɗinsa na nan. Ki goge fatar waje kaɗan don ruwa ya shiga, ki maƙale kai biyu, ki rataya nauyi, a kokwamba giram 20 aka saba amfani da shi. A ruwa mai tsamin pH 4.5 zai riƙa miƙewa sannu a hankali, a 6.8 kusan ba ya motsi. Sai ki ƙara kalsiyam ko ki cire ki ga bambanci. Miƙewar ƙarama ce, ido ba zai kama ta ba. Ki ɗiga tawada wuri biyu, ki kafe wayarki wuri ɗaya tana ɗaukar hoto lokaci-lokaci, ki auna tazarar da manhajar ImageJ, kyauta ce. Aikin na son haƙuri da maimaitawa da yawa, domin kara da kara sun bambanta.

In kuma ranki na kan tsiro cikakke, ki koma saiwa. Tsohuwar dabara ce tun zamanin Julius von Sachs a ƙarni na 19: a ɗiga tawada a jikin saiwa kowace milimita ɗaya, a dawo gobe a ga inda ɗigon suka yi nisa da juna. Nan ne yankin miƙewa. Sai ki yayyanka saiwoyi masu yawa yanki-yanki, baki daban, yankin miƙewa daban, wanda ya gama daban, ki yi wa kowanne awo shi kaɗai.

Wajen awon sinadari akwai wuraren da ɗalibai ke zamewa. Da zarar kin yanki nama, PME na ci gaba da aiki, a zafin garin nan ma da sauri, don haka abin da za ki auna da yamma ba shi ne abin da ke bango da safe ba. Ki jefa samfur cikin tafasasshen etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 nan take, ki wanke, ki busar, abin da ya rage shi ne kayan bango. Kada ki bi hanyar masu sarrafa abinci, wadda ake dafa ɓawon lemo a ruwan asid don a fitar da fektin na yin jam. Tana ba da fektin da yawa, amma tana wanke kalsiyam ta kuma taɓa metil, wato ta share shaidar da kike nema. Ki fitar da shi mataki-mataki: da ruwa tukuna, sannan CDTA milimola 50 wanda ke sakin wanda kalsiyam ya ɗaure, sannan sodiyam kabonet mai sanyi don wanda ya fi kafewa. Kowane kaso ki auna galakturonik asid ɗinsa da hanyar Blumenkrantz da Asboe-Hansen ta 1973, a karanta launin a nanomita 520. Rabon da ke tsakanin kason uku ya fi jimillarsu faɗin gaskiya. Kalsiyam ma haka za ki bi da shi: wanda ruwa ya fitar, wanda gishirin sodiyam kulorayid ya musanya, shi ne mafi kusa da na jikin fektin, wanda asetik asid ya narkar, da na okzalet wanda sai haidurokulorik asid. In za ki kai AAS, a sa lantanam a ciki don fosfet kada ya rage miki karatu. In akwai FTIR kusa, wato na'urar da ke gane sinadarai ta hasken da suke sha, a jadawalin da take fitarwa tudun da ke wajen 1740 na masu metil ne, na wajen 1600 zuwa 1630 na marasa metil, rabonsu zai ba ki kimanin yadda aka buɗe sarƙar.

Don gani da ido, jan rutiniyam yana rina fektin marar metil, ɗan kaɗan ya isa shekara. Hanyar haidiroksilamin da ferik kulorayid tana nuna mai metil. In kika rina yanka biyu na wuri ɗaya da waɗannan, kin samu hoto mai fuska biyu. Manyan ɗakunan bincike suna amfani da sinadaran rigakafi masu gane siffa: JIM7 da LM20 ga mai metil da yawa, JIM5 da LM19 ga mai kaɗan, 2F4 kuma ga sarƙoƙin da kalsiyam ya riga ya haɗa. Suna buƙatar sanyi ba yankewa daga inda aka sayo su har teburinki, da maikuroskof mai hasken fuloresan. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ba ki da tabbacin waɗannan biyun, kada ki gina digirinki a kansu, ki bar su a matsayin ƙari in hali ya samu. Ko 2F4 ɗin ma yana da nasa tarko, domin ana sa kalsiyam a ruwan da ake aiki da shi, ke nan yana iya nuna wurin da zai iya ɗaurewa, ba lallai wanda ya ɗaure tun tsiron na raye ba.

Idan mai duba aikinki ya nace sai an ga amfaninsa ga manomi ko mai girki, akwai ƙofofi biyu a kusa. Ɗaya gishiri ne: a gonar ban ruwa da gishiri ya fara hawa, sodiyam na ture kalsiyam daga jikin fektin, kuma a 2018 an nuna a Arabidopsis cewa saiwar da ta rasa furotin ɗin FERONIA, mai sa ido a kan lafiyar bango, ƙwayoyinta kan fashe a gishiri, ƙarin kalsiyam da boron kuma kan ceto su. Kina iya ƙara matakan sodiyam a gwajin bununinki ki ga ko kalsiyam na rage ɓarnar. Ɗayar kuma waken da ya daɗe a ajiya cikin zafi da laima, wanda ke ƙin nuna komai itacen da aka ƙona. Bayanin da aka fi karɓa shi ne sinadarin faitet da ke cikin ƙwayar yana rushewa ya saki kalsiyam da magniziyam, su tafi bango su ɗaure fektin ɗin da ke manne ƙwayoyi. Kanwar da iyayenmu mata ke jefawa a tukunya tana kawo sodiyam da ke musanya kalsiyam, tana kuma rage tsamin ruwa yadda sarƙar fektin ke saurin tsinkewa a wuta. Wannan ba bango mai girma ba ne, don haka in kika bi ta nan sai kin sauya taken aikin. Amma awon mataki-mataki da na bayyana a sama shi ne dai za ki yi, kuma samfurinsa na nan a kowace kasuwa, sabon wake da na bara.

Tukwanenki kada ki zubar da su. Ki shuka tumatir ɗin, ki ba su ruwa daidai kullum, su zama inda za ki riƙa ɗebo fure kowace safiya. In sun fara 'ya'ya, ki ɗaura wa kowane fure zare da kwanan watan da ya buɗe, ki tsinki 'ya'yan a kwana 10, 15 da 20, ki raba kowanne gida biyu, gefen kara da gefen gindi, ki yi musu awo daban-daban. Ki kawo mini tsarin da kika gyara kafin ki sayi sinadari ko ɗaya, mu duba yawan maimaicin da kowane rukuni ke buƙata.